Ɗanyen Nama Ko Abincin Kanti: Wanne Ya Dace Da Feret?

'Yan'uwana ɗalibai, na san da yawa daga cikinku za su tambaya, mene ne kuma feret? Wata 'yar dabba ce mai dogon jiki da gajerun ƙafafu, wadda Turawan Ingila da Amurka suke kiwo a gida kamar yadda muke kiwon kyanwa. Wanda ya taɓa ganin bodari ya ga kamanninta, domin danginsu ɗaya, har ɗan warin jikin ma ba ta rasa ba. Nauyin namiji yakan kai kilo 1 zuwa 2, ta mace kuwa ba ta cika wuce kilo 1 ba. Fiye da shekara 2,000 ke nan da mutanen Turai suka horar da ita, musamman don farautar zomo: a sa ta cikin rami, ta koro zomayen waje, su faɗa cikin raga.

A yau akwai gardama mai zafi tsakanin masu kiwonta. Wasu sun ce a ba ta busasshen abincin da kamfanoni ke ƙullawa a leda, a huta. Wasu kuma sun ce a'a, a ba ta ɗanyen nama da ƙananan dabbobi sukutum, kamar ɓeraye da 'yan tsaki da salwa, da gashinsu da ƙashinsu da kayan cikinsu. Ni dai ina bayan mutanen nan na biyu, amma da sharuɗɗa, kuma ga dalilaina.

Da farko sai mu dubi yadda aka halicci dabbar. Haƙoranta fiƙoƙi ne da masu yanka kamar almakashi, ba ta da irin faffaɗan haƙoran da akuya ke niƙa ciyawa da su. Hanjinta gajere ne ƙwarai, abinci yakan shiga ya fita cikin awa 3 zuwa 4 kacal. Waɗanda suka ga cikin zomo a ɗakin gwaje-gwaje za su tuna da wata babbar jaka a hanjinsa inda ciyawa ke jiƙa ta narke. To, feret ba ta da wannan jaka sam sam. Ashe ke nan hatsi da ganye ba abincinta ba ne. Abin da jikinta ke bukata shi ne nama da kitse, kuma a kai a kai, tun da cikinta ba ya riƙe abinci.

To, me ke cikin abincin kanti? Galibi ba a dunƙule shi ƙwaya-ƙwaya ya bushe ba tare da an sa sitaci ba, ko na masara, ko na shinkafa, ko na dankali. Ga shi kuwa akwai wata cuta da ta yi yawa a feret ɗin Amurka, inda ƙari ke fitowa a gaɓar da ke daidaita sukarin jini, sai sukarin ya yi ƙasa, dabbar ta riƙa yin laushi tana dalalar da miyau, wani lokaci har ta suma. Likitocin dabbobi da yawa suna zargin yawan sitaci da hannu a wannan ciwo, ko da yake suna zargin gado ma. Ko ma mene ne, ni a ganina ba hikima ba ce a cika wa dabba ciki da abin da ba a halicce ta ta ci ba, don kawai mai ita ya sami sauƙi. Hausawa sun ce abincin wani gubar wani.

Amma fa a nan ne wasu suke yin kuskure babba. Da sun ji an ce ɗanyen nama, sai su je su sayo tsoka zalla, jan nama mai kyau wanda ba ƙashi ba jijiya, suna zaton gata suke yi wa dabbarsu. Alhali kuwa tsoka ba ta da sinadarin kalsiyam sai ɗan kaɗan, ga ta da fosfaras mai yawa. Idan aka daɗe ana ba ƙaramar feret wannan kaɗai, jikinta zai riƙa ɗibar kalsiyam daga ƙasusuwanta, har su yi laushi, su tanƙware, su riƙa karyewa ba wani dalili. Garin neman ƙiba an samo rama ke nan. Haka kuma idan aka cika mata hanta, bitamin A zai yi mata yawa ya cuce ta. Wasu irin kifaye kuma, in aka ba ta su ɗanye kullum, suna lalata bitamin B1 a jikinta.

Wannan shi ya sa na ce dabba sukutum ta fi yankan nama. Ɓera guda ɗaya yana ɗauke da komai daidai gwargwado: tsoka don gina jiki, ƙashi don kalsiyam, hanta da ƙoda don bitamin, zuciya don wani sinadari da ake kira taurin, wanda masu cin nama ke bukata. Tauna ƙashi da fata kuma yana kankare dattin haƙora. Masu kiwon da ba su iya samun dabba sukutum sukan kwatanta ta da lissafi: wajen kashi 80 cikin 100 nama, har da zuciya, kashi 10 ƙashi, kashi 10 kayan ciki. Ƙashin kuwa lalle ya zama ɗanye, domin dafaffen ƙashi yana tsagewa ya yi tsini, ya huda hanji.

Yanzu bari mu ji ta bakin masu suka, domin su ma ba maganar banza suke yi ba. Sun ce ɗanyen nama yana ɗauke da ƙwayoyin cuta irin su salmonela, masu sa zawo da zazzaɓi. Ko da dabbar ba ta kwanta ba, tana iya zubar da su a kashinta, yaro ya taɓa ya kai hannu baki. Ga feret kuma da halin ɓoye abinci. Sunanta ma daga kalmar Latin aka samo shi, ma'anarsa ɗan ƙaramin ɓarawo. Sai ta ja cinyar kaza ta tura ƙarƙashin kujera, ba wanda ya sani sai ɗaki ya ɗauki ɗoyi. Saboda irin wannan haɗari ne ƙungiyar likitocin dabbobi ta Amurka ta ba da shawara a 2012 cewa a guji ba karnuka da kyanwoyi ɗanyen nama.

Abin da ya fi wannan ban tsoro shi ne mura. Feret tana kamuwa da murar mutane, shi ya sa ma a 1933 wasu masana uku a London, Wilson Smith da Christopher Andrewes da Patrick Laidlaw, suka yi amfani da ita suka gano ƙwayar cutar murar ɗan Adam. Tana kamuwa da murar tsuntsaye kuma. A 2023 murar tsuntsaye ta H5N1 ta kashe kyanwoyi da dama a ƙasar Folan, aka kuma same ta a jikin wasu feret na gida waɗanda ake ba ɗanyen naman kaji. A watan Disamba na 2024 wata kyanwa ta mutu a jihar Oregon ta Amurka bayan ta ci ɗanyen abincin talo-talo da aka daskarar. Wannan ya nuna mana cewa ƙanƙara ba ta kashe ƙwayar cutar, wuta ce ke kashe ta.

Duk da haka ban ga dalilin da zai sa a yar da tsarin gaba ɗaya ba. Don wuta na ƙona gida, ba a daina girki. Abin da ake bukata shi ne kula, kuma ga sharuɗɗan da nake ganin sun wajaba. A sayi ɓerayen da aka kiwata musamman don ciyarwa, kada a ba ta na bola ko na rumbu, waɗanda watakila sun ci guba. A narkar da naman cikin firji, a ɗauke saura da wuri, a duba maɓoyarta kullum, a wanke hannu da kwano da wuƙa da sabulu. In murar tsuntsaye ta ɓulla a yanki, a dakatar da ɗanyen naman tsuntsu, a koma zomo da ɓera. Gidan da ke da jariri, ko mai juna biyu, ko tsoho, ko marar lafiya, gara su haƙura su nemi abincin kanti mai yawan nama da ƙarancin sitaci. Wanda zai sauya wa babbar feret abinci kuma ya bi a hankali da shawarar likita, domin tun tana 'yar watanni take sabawa da ƙanshin abincinta, kuma ba ta jure yunwa.

Akwai abu guda da ban yarda da shi ba ko kaɗan, wato a jefa mata ɓera da ransa don a yi kallo. Mataccen ɓera da mai rai amfaninsu ɗaya ne a cikinta. Mai ran kuwa yana shan azaba a banza, yana kuma iya cizon ta a ido. Tausayin da ya sa mutum ya nema wa dabbarsa abinci mai kyau, ai shi ya kamata ya hana shi azabtar da wata.

A ƙarshe, dabbar da ke daji ita ke zaɓar abincinta, amma wadda aka sa a keji sai abin da aka miƙa mata. Duk wanda ya ɗauko ta ya ɗauko alhakinta na shekara 6 zuwa 10. In ba zai iya taɓa mataccen ɓera ba, ba kuma zai iya tsabtar da ɗanyen nama ke bukata ba, to, ya kiwata zomo, wanda ganye ya ishe shi. In kuwa ya ce sai feret, to, ya ciyar da ita bisa ga yadda aka halicce ta.

Daga wani ɗalibi, Aji Huɗu