Masallacin da coci ya gina a Girei: Wa zai riƙe 'yan gudun hijira idan tallafin waje ya yanke?

A watan Yulin 2025, Hukumar Samar da Abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya, WFP, ta yi gargaɗin cewa rumbunanta a Arewa maso Gabashin Najeriya sun ƙare, kuma tallafin da take bai wa mutum miliyan 1.3 na iya tsayawa. A wannan watan ne kuma gwamnatin Shugaba Donald Trump ta kammala rufe hukumar USAID, wadda ta daɗe tana cikin manyan masu ɗaukar nauyin ayyukan jinƙai a yankin. Tun daga lokacin, tambayar da ke bakin masu bibiyar lamarin ita ce: idan motocin ƙungiyoyin waje suka daina shigowa, ƙofar wa mai yunwa zai ƙwanƙwasa?

Jihar Adamawa ta taɓa fuskantar wannan tambaya, tun kafin manyan ƙungiyoyin agaji su kafu sosai a yankin. A 2014 mayaƙan Boko Haram suka kama Madagali, suka shiga Michika da Bazza, sannan a ƙarshen Oktoba suka ƙwace Mubi, gari na biyu mafi girma a jihar. Jama'a suka kwararo Yola da Jimeta, wasu a mota, wasu a ƙafa ta duwatsu, wasu ma sai da suka zagaya ta Kamaru. Sansanonin gwamnati ba su ɗauki ko rabinsu ba. Mafi yawa gidajen 'yan'uwa da na bayin Allah suka faɗa, sauran kuma suka nufi makarantu da masallatai da majami'u.

Ɗaya daga cikin wuraren da suka buɗe ƙofa ita ce babbar majami'ar St. Theresa ta ɗariƙar Katolika da ke Jimeta, ƙarƙashin Bishop Stephen Dami Mamza, wanda shi kansa ɗan Bazza ne. Dubban mutane suka kwana a harabarta da ajujuwan makarantarta, kuma a nan aka riƙa raba masara da shinkafa ga wasu dubban da ke zaune a unguwanni. Cocin bai yi aikin shi kaɗai ba. Ya haɗa hannu da malaman Musulunci na Yola da Jami'ar Amurka ta Najeriya, AUN, a ƙarƙashin wata ƙungiyar zaman lafiya ta jihar da aka kafa a 2012, inda limami da fada suke tsayuwa wuri guda ranar rabo.

Da sojoji da mafarauta suka ƙwato garuruwan tsakanin ƙarshen 2014 da farkon 2015, akasarin mutane suka koma gida. Amma akwai waɗanda ƙauyukansu ke bakin dajin Sambisa, komawa a gare su daidai take da miƙa wuya ga wuƙa. Waɗannan suka ci gaba da zama a harabar cocin shekara da shekaru. A watan Afrilun 2021 ne aka buɗe musu gidaje 86 a Sangere-Marghi da ke Ƙaramar Hukumar Girei, waɗanda aka gina da taimakon Missio, wata ƙungiyar Katolika ta ƙasar Jamus. A unguwar akwai makaranta, akwai coci. Akwai kuma masallaci, domin a cikin iyalan akwai Musulmi 'yan tsiraru da suka yi gudun tare da maƙwabtansu Kirista.

Wannan masallaci shi ya ja hankalin jaridu, kuma shi ya jawo wa Bishop Mamza suka daga cikin gida. Ya bayyana wa manema labarai cewa wasu Kirista ba su ji daɗi ba, suna ganin bai dace a kashe kuɗin coci wajen gina wurin ibadar Musulmi ba, alhali an ƙona majami'u da dama a yankin. Hujjar da ya bayar mai sauƙi ce: ranar da mutanen suka iso ba a tambayi kowa addininsa ba, kuma tun da an gina wa Kirista wurin ibada, adalci ne a gina wa Musulmi nasu. Bai kamata a raina ɓacin ran masu sukar ba, domin da yawansu sun binne 'yan'uwa. Amma a ganina da an bi ra'ayinsu, da an rasa abu mafi tsada a cikin aikin gaba ɗaya, wato amana.

Dalili kuwa shi ne, Musulmin Arewa ya daɗe yana kallon agajin coci da ido biyu, kuma ruwa ba ya tsami banza. A zamanin mulkin mallaka an taƙaita wa 'yan mishan shiga masarautun Musulmi. Hanyar da ta buɗe musu a shekarun 1930 ita ce kula da kutare, a wurare irin su Yadakunya a Kano da Babbar Ruga a Katsina da Amanawa a Sakkwato. Sun yi jinyar mutanen da kowa ke gudu, wannan babu mai musu. Sai dai su kansu ba su ɓoye cewa bishara na cikin manufarsu ba, don haka magani da wa'azi suka zama abu guda a tunanin jama'a. Duk da haka, Asibitin Ido na ECWA da ke Kano yana aiki tun 1943, kuma duk wanda ya leƙa layinsa da safe zai ga rawuna da hijabai sun fi yawa. Mai ciwon ido ba ya tambayar ɗariƙar likita, matuƙar ya tabbata zai fita da addininsa kamar yadda ya shiga da shi.

Wannan tabbaci ne masallacin Sangere ya bayar, kuma ya bayar da shi da bulo da siminti. Magidancin da aka ba ɗaki da buhun hatsi, sannan aka nuna masa inda zai yi salla, ya san ba a sa masa farashi ba. Duk cocin da ke raba abinci ko magani a unguwar da ta haɗa addinai biyu, wannan ce jarrabawar da ke gabansa. Ita ce kuma ke gaban kwamitocin zakka da ƙungiyoyin agaji na Musulmi, waɗanda ya kamata su tambayi kansu ko sunan gwauruwa Kirista da ke bayan layinsu ya taɓa shiga takardar rabon azumi.

To amma kada daɗin labari ya rufe mana ido. Gidaje 86 ɗigo ne a yankin da rikici ya raba mutum sama da miliyan biyu da muhallansu. Kuɗin gidajen ma daga Jamus suka zo, ke nan cocin bai tsira daga dogaro da waje ba, kuma ƙasashen Turai su ma suna rage kasafin tallafi. Baikon ranar Lahadi daga aljihun mabiyan da tsadar abinci ta galabaitar ba zai cike gurbin WFP ba. Abin da majami'u da masallatai suka fi kowa shi ne sanin mutane: sun san gidan da aka kwana ba a ɗora tukunya ba, sun san wanda kunya ba za ta bar shi ya shiga layi ba, kuma ba sa tattara kaya su tafi idan wa'adin kwangila ya cika. Abin da ba su da shi kuma shi ne baitulmali.

A nan ne haɗarin yake. Akwai jami'an da ke son halartar bikin yanke ƙyalle, su yaba wa shugabannin addini, su koma ofis kamar an sauke musu nauyi. Alhali albashin malamin makaranta da maganin asibitin unguwa da rijiyar burtsatse da filin noma duk haƙƙi ne a wuyan gwamnati, ko wane ne ya gina matsugunin. Hukumar NEMA da hukumomin agajin gaggawa na jihohi za su iya amfani da rajistar da majami'u da masallatai ke da ita wajen kai hatsi inda ya dace, da sharaɗin a buɗe lissafi kowa ya gani, kuma rabo ya bi buƙata ban da katin zama memba.

Fiye da komai, tsaro ne ya ajiye iyalan Sangere nesa da gonakinsu. Har a 2025 an ci gaba da samun rahotannin hare-hare a ƙauyukan Ƙaramar Hukumar Hong da maƙwabtanta a Kudancin Borno. Yaran da aka goyo zuwa harabar St. Theresa a 2014 yanzu sun kai shekarun shiga sakandare, kuma da yawansu ba su san hanyar ƙauyen iyayensu ba.