Ƙahon Barewa Ba Ya Faɗuwa da Kansa

A ƙarshen hunturun Amurka akwai wata sana'a mai kama da farauta, amma ba a zubar da jini a cikinta. Mazan wasu namun daji na can, masu ƙahoni masu rassa kamar bishiya, suna yar da ƙahoninsu kowace shekara su tsirar da sababbi, mutane kuma su shiga daji suna tsinta. A garin Jackson na jihar Wyoming, tun 1968 'yan sikawut suke gwanjon abin da suka tsinto a gandun dajin da ke kusa, kaso mafi tsoka na kuɗin kuma ya koma ga kula da dabbobin.

Hausa ba ta da sunan wannan dabba, don ba ta rayuwa a ƙasarmu. Masu fassara sukan kira ta barewa, kuma wannan aron suna ya ba wata tsohuwar ƙarya mafaka. Wanda ya tsaya gaban shimfiɗar mai magani a kasuwar Illela, ya ga ƙahon barewa tsakanin saiwoyi da fatu, ya tambayi asalinsa, amsar da ta fi sauƙin samu ita ce tsintuwa ce.

Ba tsintuwa ba ce. Ƙahon waccan dabba ƙashi ne zalla, yana tsinkewa daga gindinsa idan lokacin barbara ya wuce. Na barewa, da na gada, da na gwanki, irin na saniya ne: ƙashi ne da ya tsiro daga ƙoƙon kai, da kube mai kama da farce a kansa, kuma sau ɗaya yake fitowa a rayuwar dabba. Garin da ya shahara da kasuwar shanu ba ya bukatar darasi a kan wannan. Babu Bafulatanin da ya taɓa wayar gari ya tarar bijiminsa ya ajiye ƙaho a ruga. Ko ƙahon da wanzami yake aiki da shi, daga kwata ya fito. Saboda haka kowane ƙahon barewa da ke kan tabarma shaidar gawa ne.

Za a ce ai dabba tana mutuwa da kanta. Gaskiya ne. Amma mushe a daji sai an dace, tabarma kuwa ba ta rabuwa da kaya. Ƙarshen hunturu, lokacin da Ba'amurke yake tsinta, shi ne lokacin da tafkuna suke ƙafewa a nan, ciyawa ta bushe, a cinna wa daji wuta, a saki karnuka.

An san inda wannan hanya take ɓullewa. Mariri ya taɓa yawo a Gadabeji, gandun da aka keɓe a yankin Maraɗi tun 1955. A shekarar 2000 aka ayyana cewa ya ƙare a dazukan duniya baki ɗaya, sai a 2016 aka maido da shi Chadi daga waɗanda aka kiwata a killace. Barewarmu ma tana cikin jerin dabbobin da ake fargabar ƙarewarsu.

Doka ba ta yi ƙaranci ba. Najeriya tana da ta kare namun dajin da ke fuskantar ƙarewa tun 1985, Nijar tana da ta farauta tun 1998. Sai dai tsakanin Illela da Birnin Ƙonni tafiya ce ta ɗan lokaci, kuma kowane ɓangare yana iya cewa kayan daga ɗayan suka fito. A wasu yankunan Wyoming kuwa, ko tsintar ma an hana daga 1 ga Janairu zuwa ƙarshen Afrilu, don kada a firgita dabbar da sanyi ya galabaitar.

Mafarauta suna cewa sana'arsu gado ce, kuma ba a musa musu. Amma gado yana bukatar abin da za a gada. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, in ji Bahaushe, to sai an bar ta ta haihu tukuna. Jami'an gandun daji na ƙasashen biyu su riƙa leƙa tabarmar kasuwa, sarakunan farauta su tsayar da watannin hutu, mai saye kuma ya daina karɓar amsar da ya san ba za ta yiwu ba.