Kemistirin Da Ke Kan Hancinka

Wata ukun da suka wuce na sayi tabarau mai yin duhu a rana. Da zafi ya tsananta, sai na ga duhunsa ya ragu. Na ɗauka an sayar min da jabu, ashe ni ne ban gane darasina ba.

A cikin gilashin akwai rini, galibi daga dangin naftofiran. Hasken UV na buɗe zoben molekul ɗin ya yi launi, zafi kuma ya rufe shi launin ya ɓace. Shi ya sa a tsakiyar bazara duhun ba ya kai wa ko'ina.

Abin da ya fi ba ni mamaki, ƙaramin rukunin da aka maƙala wa molekul ɗin ne ke juya komai. A sifirofiran, rukunin naitiro mai janye lantarki yana sa siffar mai launi ta fi zama daram. A azobenzin, ka sa mai ba da lantarki a gefe ɗaya, mai janyewa a ɗaya gefen, komawar da kan ɗauki kwanaki sai ta zama ta daƙiƙoƙi.

Wallahi shekara biyu muna haddace waɗannan rukunoni don jarrabawa, ba mu taɓa ganin launi ya sauya a ɗakin gwaji ba. Ƙungiyar ɗalibai, ku nema mana fitilar UV da ɗan rinin nan. 'Yan aji ɗaya su gani da idonsu, kada su kammala da hadda zalla kamar mu.