Makin Kasuwar Intanet: Gyara Ko Bashi?

Sanin kowa ne cewa a kasuwannin ƙasar Hausa ciniki ba ya cika sai an yi gyara. In mai saye ya biya kuɗin mudu biyar na gero, mai awo yakan ɗebi tafi guda ya zuba masa a kai, mai tumatir ya jefa biyu ko uku cikin kwando, mahauci ya ɗora ɗan yanki. Manufar abin a fili take, wato a faranta wa mai saye rai don gobe ya dawo. To, kamfanonin da ke ciniki ta intanet su ma suna da tasu dabarar ta riƙe abokin ciniki. Duk lokacin da mutum ya sayi kaya, ko ya yanki tikitin jirgi, ko ya kama ɗaki a otal, sai a rubuta masa maki a wani asusu da zai iya dubawa a wayarsa, a ce in makin ya taru zai musanya shi da kaya ko rangwame. Mutane da yawa sun ɗauki wannan a matsayin gyaran zamani. Amma wanda ya dubi abin da idon basira zai ga bashi ne mai saye yake bin kamfani, kuma wanda ake bin ne kaɗai ke da ikon faɗin darajar bashin da ranar da zai lalace.

Wannan dabara ta girmi intanet nesa ba kusa ba. Tun a 1896 kamfanin Sperry and Hutchinson na Amurka ya fito da wasu korayen takardu masu kama da kan sarki, waɗanda kantuna ke ba masu saye su manna a littafi, in littafin ya cika su karɓi kayan gida. A 1981 kamfanin jiragen sama na American Airlines ya soma lissafa wa fasinjoji milmilin da suka yi a sama, a 1995 kuma kantunan Tesco na Ingila suka fito da katinsu na Clubcard. Abin da intanet ta kawo shi ne sauƙi da sauri. Babu sauran manna takarda, na'ura ce ke riƙe da lissafi, kuma ita ce ke tuna wa mutum dare da rana cewa saura kaɗan ya kai ga kyauta.

Ya kamata a fara tambayar nawa ne ainihin abin da ake bayarwa. Alal misali, a tsarin Tesco wanda ya kashe fam ɗaya a kanti yakan sami maki ɗaya, shi kuwa maki ɗaya darajarsa kashi ɗaya ce cikin ɗari na fam. Ke nan sai mutum ya kashe fam 100 kafin ya sami fam 1. Wanda ya bar kantin da ya fi araha, ko ya ƙara sayen abin da ba ya bukata don makinsa ya cika, ya yi asarar da ta ninka kyautar tun kafin ta zo hannunsa.

Ban da ƙanƙanta, darajar makin ba ta tsaya wuri ɗaya ba. Gyaran mai awo yana shiga buhu nan take, ba wanda zai biyo mutum gida ya kwashe shi. Shi kuwa maki a littafin kamfani yake kwana, kuma sharuɗɗan da mai saye ya amince da su ba tare da ya karanta ba galibi sukan ba kamfanin damar canja dokoki yadda ya ga dama. Masu katin Tesco sun ga haka. A da, in suka kai makinsu wasu gidajen abinci da wuraren shaƙatawa da ke hulɗa da kantin, akan ninka musu darajarsa har sau huɗu. A 2018 aka mayar da shi sau uku, a watan Yuni na 2023 kuma aka rage zuwa sau biyu. Haka nan tsare-tsare da dama sukan soke makin da aka daɗe ba a taɓa ba, kuma duk makin da ya lalace riba ce ga kamfani, tunda bashi ne ya faɗi ba tare da an biya ba.

Hausawa kan ce banza ba ta kai zomo kasuwa. Kamfanonin jiragen sama sukan sayar wa bankuna maki da tsabar kuɗi, su kuma bankunan su raba wa masu amfani da katunansu. Girman wannan ciniki ya bayyana a 2020, lokacin da annobar korona ta tsayar da jirage. A shekarar, kamfanin United ya ciwo bashin dala biliyan 6.8, Delta kuma dala biliyan 9, kuma abin da kowannensu ya jinginar shi ne tsarinsa na bayar da maki. Abin da masu ba da rance za su karɓa jingina a kan irin waɗannan maƙudan kuɗi ba za a kira shi alheri kawai ba.

Akwai kuma farashin da mai saye ke biya wanda ba kuɗi ba, wato sirrinsa. Kafin a buɗe masa asusu sai ya ba da sunansa da lambar wayarsa, daga nan kuma duk abin da ya saya, da lokacin, da wurin, a rubuce yake. Da wannan ne ake sanin irin tallar da za a aiko masa da lokacin da zuciyarsa ta fi rauni. Rumbunan irin waɗannan bayanai kuma ɓarayi na kai musu hari. A 2018 kamfanin otal-otal na Marriott ya bayyana cewa an kutsa cikin bayanan baƙinsa, a 2020 kuma hukumar kare bayanai ta Birtaniya ta ci shi tarar fam miliyan 18.4. Nijeriya ma ta kafa dokar kare bayanan jama'a a 2023, sai dai doka ba ta amfanar wanda bai san abin da ya sa hannu a kai ba.

Wani zai ce ai da babu gara ba daɗi, wanda dama zai yi sayayyar me zai hana shi karɓar ɗan abin da aka ba shi? Wannan magana tana da ƙamshin gaskiya. Magidancin da ya saba sayen kayan masarufi a wuri ɗaya, ko ɗan kasuwar da tafiya ta zame masa dole, ba laifi ya tara makinsa, muddin bukata ce ke tura shi kasuwa ba makin ba. Aibin yana farawa ne ranar da ya daina kwatanta farashi don tsoron kada ya rasa matsayinsa a wurin kamfani.

Saboda haka abin da ya dace da mai hankali shi ne ya mayar da maki zuwa kuɗi a lissafinsa kafin ya yi murna, ya san ranar da makin zai lalace, ya kuma dubi irin bayanan da ake nema a wurinsa. Sa'an nan kada ya mayar da asusun maki wurin ajiya, domin kamfani ba banki ba ne, kuma ba wanda ya lamunce masa darajar abin da ya tara. Da zarar makin ya isa karɓar wani abu mai amfani, ya karɓa ya wuce, don ƙwai a baka ya fi kaza a akurki.