Masu Sharhi, Ku Ma Ku Ɗauki Buta

Da fim ɗin Toilet: Ek Prem Katha ya fito a 2017, masu sharhi da dama a Indiya suka yi masa ca, wai tallar shirin tsafta na gwamnatin Modi ce aka lulluɓe da soyayya da barkwanci. To, sai me? Amarya Jaya yaji ta yi saboda gidan mijinta Keshav ba banɗaki, sai dai ta ɗauki buta ta bi matan ƙauye daji kafin asuba. Mai banɗaki a ƙuryar ɗakinsa ne ke kiran wannan talla. Ku soki yadda Keshav ya dinga bibiyarta kafin aure, ya cancanci suka. Amma yajin Jaya kam, tana da gaskiya.