COCI BIYU A ƘAUYE GUDA: IZINA GA MASU RABA MASALLACI

 

Ya 'yan'uwa, a wannan wata za mu kai ku ƙauyukan ƙasar Kanada, mu duba tarihin ɗariƙu biyu na Kirista, Metodis da Furesbiteriyan. Aƙidarsu daban, tamu daban, kuma ba don mu yi musu dariya muka ɗauko labarin ba. Mun ɗauko shi ne domin in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, sai ka shafa wa naka ruwa.

Metodis mabiya Jon Wesli ne, mutumin Ingila, wanda ya mutu a 1791. Furesbiteriyan kuwa yawancinsu daga Sikotilan da arewacin Ailan suka yi ƙaura, suna bin koyarwar Jon Kalbin, kuma dattawan da jama'a ta zaɓa ne ke riƙe da al'amuran cocinsu. Babban saɓaninsu a kan ƙaddara ne: mabiya Kalbin suka ce tun fil azal an riga an zaɓi masu tsira, Wesli ya ce ƙofa a buɗe take ga kowa. Saboda haka a ƙarni na 19 sai ka tarar da ƙaramin ƙauye na manoma yana da coci biyu, kowace da nata bashin gini da nata fasto da za a ciyar.

Amma abin da ya kafa su a karkara ya riga gini. Mai wa'azin Metodis doki yake hawa, littattafansa a cikin jaka, yana zagaya ƙauyuka cikin tsananin sanyi, ya yi wa'azi a ɗakin manomi ko a ajin makaranta. Idan ya wuce sai ya bar mutane a ƙananan halƙoƙi, suna haɗuwa kowane mako suna bincikar halin junansu. Kowace Lahadi kuma akwai makarantar yara. Sai da karatu ya zauna sannan aka aza tubali.

Da aka buɗe filayen yamma ga manoma, nauyin coci biyu ya fi ƙarfin mutanen ƙauye. A Melbil da ke lardin Saskacewan, a 1908, mazauna garin suka haɗa coci guda ba su jira manyansu ba, wasu garuruwa suka bi sawu. A 1924 majalisar ƙasa ta yi doka, ranar 10 ga Yuni 1925 a Toronto aka kafa Haɗaɗɗiyar Cocin Kanada. To amma kusan kashi ɗaya bisa uku na Furesbiteriyan suka ƙi shiga. Aka yi ta jefa ƙuri'a coci-coci, dangi suka rabu, aka ja in ja a kan gine-gine, rigimar suna kuwa ba ta mutu ba sai 1939.

Ina aka kwana? A ƙidayar 1971 mutum fiye da miliyan 3.7 suka ce su 'yan Haɗaɗɗiyar Coci ne. A ƙidayar 2021 adadin ya dawo kimanin miliyan 1.2. Waɗanda suka ƙi haɗewa su ma sun ragu ƙwarai. Tun shekarun 1960 makarantun Lahadi suka soma bushewa, samari suka koma birni, fasto guda ya koma riƙe ƙauyuka da dama. Da yawa daga cocin karkara an rufe su, wasu an sayar an mai da su gidajen zama. Haɗewa ba ta cece su ba, warewa ma ba ta cece su ba, domin yaran da za su gaje su ba su zauna gaban malami ba.

To, yanzu mu dawo gida. Ƙauye nawa muka sani inda aka tsaga masallacin Juma'a biyu, alhali babu wata mas'alar tauhidi a tsakani, sai dai wane ne zai yi limanci, wane ne zai riƙe asusu? An sayi bulo da kwano da lasifika, amma malamin Islamiyya ya yi wata da watanni ba a ba shi ko kuɗin sabulu ba, har ya tattara ya tafi ci-rani. Masu wa'azinmu kuma sun fi son dandalin birni inda ake ɗaukar murya, ƙauyen da ba kwalta sai shekara-shekara. Wallahi wannan ba gyara ba ne, son girma ne aka sa masa rigar Sunna.

Wani zai ce: ashe mu haɗe da kowa ke nan, mu yi shiru a kan bidi'a? A'a. Gaskiya ba a cinikinta. Amma wanda ya ware saboda gaskiya alamarsa ita ce ya karantar da ita. Wanda ya ware ya gina bango, ya bar yara ba su iya alwala ba, me ya kare?

Saboda haka muna kira ga shugabannin rassa: kada a aza harsashin sabon masallaci a ƙauye sai an tabbatar da abincin malamin makaranta na shekara guda, kuma kowane mai wa'azi a ɗora masa ƙauyukan da zai riƙa zagayawa da rani da damina.

Allah Ya nuna mana gaskiya, Ya ba mu ikon binta.