Farantin Rana da Ake Bugawa Kamar Jarida

Tun da aka janye tallafin man fetur a 2023, hankalin masu lambu a Darmanawa da masu noman rani a Kura da Kadawa ya koma kan farantin hasken rana don jawo ruwa. To, ga wani sabon iri yana tafe, ya kamata manoma su san labarinsa tun bai iso kasuwa ba.

Farantin da aka saba gani na silikon ne, wanda sai an narkar da shi da zafin da ya haura digiri 1,400. Sabon kuwa sunansa ferobskait. Shi damawa ake yi kamar tawada, a shimfiɗa a kan gilashi ko leda, watau kamar bugun jarida, saboda haka ake sa ran zai yi araha. A 2009, lokacin da Tsutomu Miyasaka na Japan ya fara gwada shi, bai kai kashi 4 cikin 100 na hasken da ya sauka a kansa yake mayarwa lantarki ba. Yanzu a ɗakin gwaji ya wuce kashi 25.

Wannan ci gaba ne babba, amma lissafin manomi dabam yake. Shi abin da zai tambaya, rani nawa farantin zai yi yana aiki? Na silikon akan ba shi lamunin shekara 25. Ferobskait kuwa zafi da laima suna lalata shi, ga shi a Kano zafin bazara yakan wuce digiri 40, damina ta biyo baya, sa'an nan ƙurar hunturu. Har wa yau akwai dalma a cikinsa. Wanda ya tuna yaran da gubar dalma ta kashe a Zamfara a 2010 ba zai so fasasshen faranti kusa da rijiyarsa ba.

Saboda haka lalle ne Jami'ar Bayero da Cibiyar Binciken Makamashi ta Sakkwato su kafa shi a fili, ya sha rana da ruwa da ƙura shekaru, su bayyana wa jama'a sakamako. Gani ya kori ji. Kafin nan, mai kuɗin faranti ya sayi na silikon, ya nemi takardar lamuni wurin ɗan kasuwa, ya riƙa goge ƙura da sassafe, don ƙura tana rage ruwan da famfo zai jawo.